Zanen Jikin Tsamiya

Adda Asta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da Maiduguri kuna lafiya. Tunda har yau kin ƙi riƙe waya, sai ki yi haƙuri da ajamina. Direban motar bandar kifi ne zai kawo miki, in takardar ta yi ƙarni shi za ki zaga.

Albishir. Za a gina mana ɗakin gargajiya a bakin Binuwai, kusa da Damare, mu masuntan da muka gudo daga Baga. Wurin kiɗa, wurin koyon saƙar taru, da bango guda na sunayen waɗanda muka baro babu kabari. Mai zanen ginin wani Manasseh ne, ɗan boko daga Jimeta, yana tafe yana toshe hanci da hankici. Ya tambaye ni inda ruwa ke tsayawa in kogi ya cika. Kin san tsamiyar da masuntan nan ke tsagawa da wuƙa duk shekara daidai inda ruwa ya kai? Na nuna masa tsagar da ke daidai gwiwata. Ya ce ta sama fa? Na ce ai nan ake rataye taru. Wallahi Adda ya rubuta a littafi har da gode mini! Sai da cikina ya ƙulle don dariya.

Ƙaninki da ba ya jin magana,
Zubair

Zubair,

Bayan gaisuwa. Takardarka ta iso, ban yi dariya ba. Mutumin nan baƙo ne a bakin ruwa, kai kuma a cikin kwalekwale aka yanke maka cibiya. Abin da ka faɗa masa a kansa zai ɗora tubali. Ka je ka nuna masa tsagar sama tun ba a haƙa tushe ba. Za a sa sunan Baba a bangon? Ka gaishe da Baffa Hayatu.

Yayarki mai yi maka addu'a,
Asta

Adda,

Sallama. Kin rubuta "yayarki", ko na zama mace ban sani ba?

Na je zan faɗa wa Manasseh gaskiya, na tarar an riga an zuba tushe, ya kuma kira ni gaban dattawa ya ce da shawarata aka yi. Ta ina zan fara? Dattawan ma ba su san da wace tsaga ya auna ba. Kuma shekara tara ruwa bai kai can sama ba.

Ginin ya yi kyau, rufin kamar kwalekwalen da aka kife. Bangon sunaye da jar ƙasa aka shafe shi, don Manasseh ya ce ya yi kama da gida. Baffa Hayatu ya zauna a kujera yana kiran sunaye, ni ina rubutawa da tawadar allo. Ɗari biyu da goma sha huɗu, duk daga kansa, har da na matan da ban taɓa ji ba. Baba ne na bakwai. Manasseh ya ce zai ɗauki hoton sunayen ranar buɗewa, bayan damina.

Baffa ya rasu ranar Laraba. Kafin ya cika ya ce yanzu ya sauke kaya.

Zubair

Adda Asta,

Ba ni da gaisuwa yau.

Ruwa ya zo ranar Juma'a da hantsi, muna tsaye muna kallo. Ya wuce gwiwa, ya wuce ƙugu, bai tsaya ba sai a tsagar da na ce ta rataye taru ce. Na shiga da kwalekwale har cikin ɗakin. Ke kin san tawadar allo da ruwa. Ina kallo sunayen suka zama baƙin ruwa, sannan jar ƙasar ta bi su. Na sa hannu a kan na Baba, ya taho a tafina.

Matar marigayi Malam Faruk, wanda sunansa ke bangon, ta zauna a kan tudu tana cewa an kashe mata shi sau biyu. Mutane suka yi kan Manasseh, wani har ya ɗauki filafili. Littafinsa kawai ya buɗe yana duban lambar awon da ya rubuta, sannan ya dube ni. Sai na faɗa musu da bakina cewa ni na yi masa ƙaryar tsagar. Babu wanda ya dake ni, Adda. Da sun dake ni da ya fi. Kwana shida ke nan ko sallamata ba a amsawa.

Na zauna na tuna, sunaye arba'in da ɗaya kawai suka dawo mini.

Zubair

Zubair,

Allah ya jiƙan Baffa Hayatu. Na bi matan unguwarmu, mun haɗa sittin da uku, ga su a bayan takardar nan. Sauran suna bakin mutanen da ba sa amsa maka sallama. Ka bi su gida-gida, ka tsaya a ƙofa har su faɗa. Wasu babu wanda ya rage da zai tuna su, wannan kuma ka san wanda zai ɗauki alhakinsa.

Asta