Tsirkiyar Yaya Lotfi

Litinin, 6 ga Oktoba
Kiɗan da Yaya Lotfi ya rubuta ya iso daga Liyon ta Faransa. Na biyola ne, gogen Turawa, ita kaɗai, wai don tunawa da Umma, kuma ni yake so in kaɗa a taron watan gobe nan Tunis. Mutumin da tun muna yara yake cewa biyola gogen raggwaye ce. Yau ya tuna yana da ƙanwa.

Laraba, 8 ga Oktoba
Na gwada. Shafin ƙarshe ya ce a sassauta babbar tsirkiya har ta daina ba da sauti sosai, sai gurnani. Na ɗauka iyayin mawaƙan zamani ne.

Asabar, 11 ga Oktoba
Ya kira. Na ce, "Yaya, wannan kiɗa ne ko kukan ƙofar bayi?" Ya ce, "Dorra, numfashin Umma ne. Yadda na riƙa ji ta waya."
Ta waya! Ni na juya ta, ni na wanke ta, ni na ɗura mata romo tana tofar min. Shi yana can cikin dusar ƙanƙararsa, in kara mata waya a kunne ya ce "Umma, ya jiki?" ya kashe. Ko jana'iza bai samu ba. Yanzu ya ɗauki numfashinta zai kai a tafa masa, kuma da hannuna.
Na ce ya nemi wata. Ya ce in ba ni ba, zai janye kiɗan. To, sai ya janye ɗin mana.

Talata, 14 ga Oktoba
Ban taɓa biyolar ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba
Haushi ne ya sa na ɗauko ta, don in tabbatar bai iya ba. Kuma bai iya ɗin ba. Numfashin nasa a jere yake, tsaf-tsaf. Na Umma yankewa yake yi, ka tsaya da cokali a hannu kana jira ko zai dawo. Wannan jiran, waya ba ta kai masa shi ba.
Na ƙara sassauta tsirkiyar, na tsai da bakan gogen inda numfashinta yake tsayawa. Sai ga Umma a ɗakin. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da ita.

Lahadi, 19 ga Oktoba
Na kaɗa masa ta waya, don ya ji abin da ya guje wa. Da na kai wurin shirun sai ya ce, "Dorra? Layin ya yanke ne?" Na ce, "A'a. Haka take yi." Na ji shi yana jan hanci, ban lallashe shi ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba
Ban yafe ba. Ban kuma ce zan kaɗa ba.
Jirginsa zai sauka nan Talata. Na wanke zanin gadon ɗakin Umma, ƙura ce kawai ta dame ni. Tsirkiyar tana nan a sake, ban ɗaure ba.