Man Gyaɗar Innarka a Cikin Injin

Zuwa ga ɗana Habu a Ikko,

Gaisuwa mai yawa daga Kazaure. Ina lafiyarka, ina Rabi da yara, yaya aiki? Mu nan lafiya lau, sai dai ubanka ya sake gwada wayonsa.

Tsohuwar motar da na saya wurin wani mai gareji da ake kira Kwara don jigilar gyaɗa ba ta ƙoshi da baƙin mai. Na zargi Tanko direba da sayarwa, na bi shi Babura ina gadinsa. Bai taɓa komai ba, man kuwa ya ƙare a hanya. Sai na tuttula wa injin man gyaɗar da innarka ta ba ni in sayar mata. Muka shiga kasuwa muna ƙamshin ƙosai.

Makaniki ya ce shuɗin hayaƙin da motar ke fitarwa alama ce injin ke ƙone man, sai an kwance shi. Ban yarda ba, don a wurin Kwaran ya koyi aiki. Ka tambayar mini makanikai a can kafin kaka ta wuce ina zaune.

Ka gai da Rabi, ku sa ni a addu'a. Ban biya innarka kuɗin manta ba, na ce mata an ɗauka bashi. Jiya na gan ta tana sansana bayan motar.

Mahaifinka,
Sule