Ɗaurin da Inna ta bar mana

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum daga Madina. Ya gida, ya yara, ya jikin Malam? Muna lafiya, amma raina a ɓace yake.

Jiya a Harami ƙanwarmu Safiya ta ɗaure hannun ɗanta da bakin mayafinta, jikinta na rawa. Kawu Sale ya ce majnuna ce, wai aljanu. Aljanun me? Ba haka Inna take ɗaure mu ba, tunda aka sace mata ɗan fari a Sawakin ta Sudan, kan hanyar hajji? Har ta rasu, ba abin da ake ce mata sai "yi shiru."

Gobe zan kai Safiya wajen likita, duk mai magana ya yi ta yi. Ki gaida kowa, ki taya mu addu'a ɗaurin nan ya kwance a kanmu, kada ya kai ga 'ya'yanmu.

Ƙanwarki,
Rabi