Salma Za Ta Kallo

Yelwa, ranar Litinin

Zuwa ga ƙanena Bilyaminu, a Tungar Cindo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Binta da yara. Yaya ƙafar Inna? Yaya ruwa? An ce wayarka ta sake faɗawa tafki. Kai Bilya, kifaye sun fi mu samun kiranka! Shi ya sa na koma takarda, zan ba Jabir mai jirgi ya kawo maka.

Ɗiyarka Salma lafiya lau. Ta yi ƙiba, ta yi baki. Rubutun makafin nan da take dannawa da tsinke ya fi nawa sauri yanzu, hanyar makaranta kuwa da farar sandarta take bi, ba ta son a riƙe mata hannu.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ranar Asabar ta sama makarantarsu za ta kai ɗalibai kallon fim a babban ɗakin taro na cikin gari. Wasu 'yan kwaleji ne suka shirya shi, a kan haƙƙin makafi da kurame da guragu, yadda za a riƙa gina makarantu da hanyoyi ana tunawa da su. Malaminsu, Malam Philip, ya ce ba zai fita da yarinya ba sai da yardar mahaifinta. Na ce ai ni ke riƙonta. Ya ce duk da haka.

Tun da aka yi sanarwar nan ban huta ba. Ta sa na wanke farin hijabinta, ta sa na goge, ta shafa ta ce bai gogu ba. Ƙawarta Shamsiyya za ta zauna kusa da ita tana gaya mata abin da ke kan allo. Don Allah ka aiko da amsa da wuri, kafin ta cinye ni da tambaya.

A gaida Inna da kyau.

Yayarka,
Hasiya

Tungar Cindo, ranar Alhamis

Yaya Hasiya,

Amin wa alaikumus salam. Muna lahiya, Inna ta ji sauƙi, tana gaishe ki. Jabir ya iske ni bakin ruwa ina ɗinkin komar kamun kihi ya miƙo mini takardarki. Na karanta, na sake karantawa, na aje koma ban ƙara taɓa ta ba ranan nan.

Yaya, kallo kika ce? Ɗiyar da ƙyanda ta ɗauke wa idanu tun tana ƙarama, ita za a kai kallo? Da mi za ta yi shi? Ni ban yi boko mai nisa ba, amma kaina na ja. Idan anka ɗauki makauniya anka kai ta wurin kallo, to ita ce abin kallon.

Kin manta ranar da na tahi da ita kasuwar Warra? Na tsaida ta gindin rumfa in sayo gishiri, na dawo na iske wata mata ta danƙa mata sadaka a hannu, mutane sun zagaye ta suna ta wayyo, wayyo. Don kada a maimaita wanga na yarda kika tahi da ita, kika ce a makaranta ɗaliba za ta zama kamar kowa.

Tunda ta sa rai, ban hana ba. Amma ki ji ni da kyau. Wallahi idan anka mai da ɗiyata abin kallo, ranar a Tunga za ta kwana, makaranta kuma ta ƙare. Gara ta zauna gaban Binta inda ba mai nuna ta da yatsa. Ki je da kanki ki ga wurin, kada ki ce mini an ce.

Ki huta lahiya.

Ƙanenki,
Bilyaminu

Yelwa, ranar Laraba

Bilya,

Salamu alaikum. Ina gaida kowa. Da na karanta takardarka haushi na ji, na ce wannan yaro da zargi yake. Na je ɗakin taron yau don in ƙaryata ka. To ga abin da na gani.

Na iske ana jera kujeru, an rataye farin allo, an sa labule a tagogi. A kan dandamali, daidai ƙarƙashin allon, na ga wuri uku an keɓe, kujerun suna fuskantar jama'a. Na tambayi Malam Philip na su wane ne. Ya ce na Salma ne, da Almustapha mai keken guragu, da wata yarinya kurma. Wai baƙi za su zo, manyan gari da masu ɗaukar hoto, ya kamata su ga waɗanda ake taron dominsu.

Na ce, "Malam, ai sun ba allo baya."

Ya ce kurmar da yaron za a juya su in an fara. Na ce Salma fa? Sai wani ɗan kwaleji da ke ɗaura waya ya ce, "Hajiya, ita ai duk ɗaya ne inda ta fuskanta."

Bilya, ba da mugunta ya faɗa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Malam Philip kuwa mutumin kirki ne, shi ya yi ta kai da kawowa har aka karɓi Salma a makarantar nan. Na yi masa faɗa sosai. Ya yi ta ba ni haƙuri, ya ce zai duba, amma na ga tsoron baƙin ya fi tsorona yawa a idonsa.

Ban gaya mata ba. Na dawo na same ta tana koya wa Shamsiyya yadda za ta yi mata bayani. "Kada ki ce mini ga shi can," in ji ta, "ki ce wa ya shigo, me ya sa a jikinsa." Ta yaya zan buɗe baki?

Na so in ɓoye maka, amma ka ce in je in gani, kuma na gani. Abin da nake roƙo, kada ka yi gaggawa. Yarinyar nan karatunta ne rayuwarta. Idan ka mai da ita Tunga za ta zauna a tsakar gida tana jin ƙarar turmi har tsufa. Ka bar ni in sake komawa wurin Malam gobe. Tuwo ma yau kasa ci na yi.

Yayarka,
Hasiya

Tungar Cindo, ranar Juma'a

Yaya,

Na gaishe ki. Na ji, kuma na gode da ba ki ɓoye ba. Gobe ina cikin jirgin safe. Ki ɗaure mata kayanta.

Bilyaminu

Yelwa, ranar Lahadi

Bilya,

Salamu alaikum. Wai kai wane irin mutum ne? Ka shigo garin nan ka fita ba ka taka gidana ba!

Jiya da sassafe aka zo aka ɗauke ni karɓar haihuwa, ka san aikin ungozoma ba ya jira, kuma haihuwar ta zo da gardama. Kafin in fita na ɗaure kayan Salma ina hawaye, na tura su bayan ƙofa don kada ta yi tuntuɓe da su ta gane. Ashe ta gane. Da na dawo da la'asar, a tsammanina ɗaki wayam zan tarar, sai na same ta zaune a kan ƙullin kayan, da farin hijabinta.

Na ce ina Babanki? Ta ce ya koma. Na ce me ya ce? Ta ce bai ce komai ba. Na ce me ya faru a wurin kallon? Ta ce, "Gwaggo, ki tambaye shi, shi ya gani."

Shamsiyya ta ce ita can baya aka zaunar da ajinsu, kawunan mutane kawai ta gani. Salma ta hana ni kwance kayan, ta ce sai ta ji daga bakinka. Gobe Litinin, ban san ko in shirya ta makaranta ko in shirya ta jirgi ba. Ka ji tsoron Allah ka rubuto.

Hasiya

Tungar Cindo, ranar Talata

Yaya Hasiya,

Amin wa alaikumus salam. Ki yi haƙuri. Ban iya haɗa ido da kowa ba ranan nan, shi ya sa na wuce bakin ruwa kai tsaye.

Injin Jabir ya mutu muna tsakiyar ruwa, ban iso ba sai da manya sunka gama jawabi. Ina shiga ɗakin taron na hangi Salma. Tana bisa dandamali yadda kika ce, hannunta bisa gwiwa, wayoyi sun yi sama ana ta ɗaukar ta. Yaya, idona ya rufe. Na ratsa tsakiyar kujeru, wani mai gadi na ja mini riga ban ko waiga ba.

Ban kai ba anka kashe fitila, fim ya tashi. An juya kurmar, an juya keken yaron, ita anka bar ta. Na ga ta karkata kai. Sai ta miƙe tsaye, ta ce da ƙarhi, har bayan ɗaki an ji, "Malam, ta baya nake jin fim ɗin. Juya ni aka yi?"

Malamin ya rugo yana cewa ta ɗan zauna tukuna. Ta ce, "Malam, ni kallo na zo."

Ta ɗauki kujerarta da hannu ɗaya, tana laluben bakin dandamali da sanda. Nan na iso, na karɓi kujerar, na sauko da ita. Ban yi magana ba, amma ta ce, "Baba?" Wai warin hayaƙin bandar kihi ta ji a jikina. Na ce mu tahi gida. Ta riƙe mini hannu ta ce, "An fara fa. Ban san inda Shamsiyya take ba. Zauna ka gaya mini."

Kurmar ta biyo mu ta zauna cikin 'yan ajinsu. Yaron kuma ya ce shi ma ƙasa zai sauko, sai ga shi ba hanyar keke, ɗaukar shi anka yi sama tun farko. Malam Philip da kansa ya kama gefe guda na keken, gumi na zuba. Daga baya ya same ni ya ba ni haƙuri, ya ce shi ya yi kuskure. Na ga da gaske yake.

To na zauna, Yaya, ni da na zo ɗaukar ta. Na ce mata wata yarinya ce a allon, makauniya, da shuɗin hijabi, ta fito gida za ta makaranta. Ta ce shuɗi wane iri? Na ce irin na jirgin Jabir. Ta yi dariya. Muryata ta saba da kira bisa ruwa, na gaba sunka yi ta waigowa, ita kuwa tana zungurina tana "sai mi? sai mi?"

Can yarinyar fim ɗin ta zo wata kwata da anka bari buɗe, ta afka ciki. Mutane sunka taru a kanta. Ba wanda ya miƙa hannu, kallo kawai. Na ce mata ba komai, tahiya take yi.

Ta ce, "Baba, na ji faɗuwa. Kwata ce ko?"

Na ce e.

"Kallonta suke yi?"

Na ce e.

Ta ce, "Na sani. Haka suke yi mini a hanya, shirunsu nake ji. Ka daina rage mini. Sai ta yi mi?"

Na ce ta tashi, tana neman sandarta. Daga nan ban ƙara rage mata komai ba har anka gama.

Yaya, ni a zatona ba ta san ana kallonta ba, ni ke ɗauke mata wanga kaya. Ashe kullum da shi take zuwa makaranta ta dawo, ba ta taɓa cewa a kai ta gida ba. Da anka tashi na kai ta ƙofa na haɗa ta da ƙawarta, na juya na tahi.

Har yanzu tsoro bai sake ni ba. Binta na kuka tana cewa in je in ɗauko ta, jiya kuma mafarkin kwata na yi. Ki bi hanyar makarantar nan ki duba mini kowane rami. Ga wata takarda a ciki, tata ce. Ki karanta mata yadda take, kada ki rage komai.

Ƙanenki,
Bilyaminu

Salma,

Salamu alaikum. Babanki ne. Innarki na gaishe ki, Kaka na gaishe ki.

Ki kwance kayanki, ki je makaranta. Ina jin tsoro, amma ki je.

Akuyarki ta haihu shekaranjiya, 'ya'ya biyu. Ɗaya ja ne duka, ɗaya baƙi da farin kunne guda, na hagu, kuma shi ya hi rigima. Ruwa ya ja baya har dutsen da kuke wanki ya hito. Innarki ta yi sabon zane, kore da ɗigon rawaya, ta ce in ce miki ya yi mata kyau. Gaskiya ya yi.

In akwai abin da na manta ban gaya miki kamanninsa ba, ki sa Gwaggo ta rubuto, zan je in duba miki.

Allah shi yi miki albarka.

Babanki