Allon Bakin Titi da Kabarin Baba

Deptford, Landan

Yaya Zinatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da yara. Yaya jikin Kawu?

Ni lafiya lau, sanyi ne kawai ya shige min gwiwa. Kada ki damu, sharar titi ba ta kisa.

A layin da council, wato ƙaramar hukuma, ta ba ni in riƙa sharewa akwai allon ƙarfe ɗauke da sunan wani hafsan sojan ruwa na yaƙin basasarsu, tun zamanin kakannin kakanni. Ni ke goge masa kashin tattabara. Duk na goge sai Baba ya faɗo min a rai. Shi ma fa sojan ruwa ne a namu yaƙin, amma fasasshiyar tukunya kawai aka kafa a kabarinsa, ga shi kin ce ruwan bara ya tafi da ita.

Kawu kaɗai ya rage cikin waɗanda suka binne shi. Don Allah, tun yana iya takawa, ya kai ɗanki Affan ya nuna masa wurin. Ba allo nake nema ba, Yaya. So nake in Allah ya maido ni, in san inda zan tsaya.

Allah ya ba Kawu lafiya.

Ƙaninki,
Nata'ala