Kogin da ya raba ni da 'yan jiharmu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Baba, da sauƙi? Yara fa?

Ni lafiyata ƙalau, kada ki damu. Muna nan kan rubuta tsarin mulkin sabuwar ƙasarmu, kullum ja-in-ja: me za a bar wa jihohi, me tarayya za ta riƙe. Da aka zo kan kogi, sauran wakilan jiharmu suka ce namu ne, tunda daga wurinmu ya taso. Ni kuwa na tuna gonarku tana jihar da ke ƙasa da mu, in muka datse ruwan kun shiga uku. Sai na ɗaga hannu a bar wa tarayya.

Ba wanda ya zage ni. Da dai a faranti ɗaya muke ci da su, yanzu kuku yana zuba min nawa daban, in tafi da shi ɗaki. Ɗakin ma ba laifi, akwai taga.

Ki aiko min da rigar sanyina. Allah ya raya yara. Kuma ki ɗan bugi cikin Baba, kada ki ce ni na sa ki: in na dawo gida, tare za mu ci?

Ƙaninki