Na'urar da ke Tambayar Jinin Hauwa

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya zaman Indiya, ya Anti Rabi da yara? Mu lafiya, sai haƙuri.

Tun da aka yi wa mai ɗakina Hauwa maganin cutar kansa da ƙwayoyin jininta a can, duk Litinin nake tura sakamakon gwajinta ta waya, na'urar asibitin ta faɗi matakin haɗari. Ranar sadakar ukunta aka kawo takardar gwajinta ta ƙarshe daga ɗakin gwaji na Madalla. Sabo ya sa na tura. Nan take ta amsa: mataki na ɗaya, mafi ƙarancin haɗari, jini yana farfaɗowa.

Har yau duk Litinin sai ta nemi sabon gwaji. A baya na ce ka sa a cire sunanta, amma dakata tukuna. 'Yan gaisuwa sun watse, na'urar kaɗai ke tambayarta.

Ku sa Hauwa a addu'a. Ka gaida Anti.

Ƙaninka,
Bala